Rariyar da Ta Kalli Gabas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ilimi ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a a wani lungu na Gumel ba, ranar da aka auna darajar boko gaba ɗaya a kan ramin da bai fi bakin akushi faɗi ba. Ilimin nan ni ne.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiharmu daga Kano ba. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, na kuma soma gina ɗan gidana. Mutanen unguwarmu ranar da suka ga dama suke aza tubali. Ni kuwa sai da na zana taswirar gidan da rula, na kai sakatariyar ƙaramar hukuma neman izinin gini. Bayan mako uku aka dawo mini da ita da hatimi a goshinta. Na dubi hatimin na ƙara duba, na naɗe takardar a leda, na ajiye kusa da satifiket ɗina.

Da aka zo fasa rariya, ramin nan na gindin katanga da ruwan tsakar gida ke bi ya fita, sai Habu magini ya ajiye cebur.

"Malam, rariyar nan fa yamma ya kamata ta kalla. Ƙasar can ta karkata."

"Habu, ka san Tafkin Chadi?"

"Na dai ji daga can ake kawo banda."

"To duk ɗigon ruwan da ya sauka a ƙasar nan, daga Gagarawa har Maigatari, can ya nufa. Gabas ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da haka."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Allah ya kai shi lafiya." Ya fasa rariya a gabas.

Ruwan farko da aka sheƙa, tsakar gidana ta koma kududdufi. Rariyar kuwa a bushe ƙayau, har kazar maiɗakina ta mai da ita wurin hutu. (Na gaya wa maiɗakin cewa ruwan bai saba da gidan ba ne tukuna. Ita dai ta naɗe tabarma.) Duk ruwan sai ya taru a kusurwar yamma ta bakin titi, inda gidana ya jingina da katangar ƙasa ta maƙwabcina Alhaji Sabo, dillalin raguna a kasuwar Maigatari. A bayan katangar nan yake ɗaure ragunan mutane kafin ranar kasuwa. A ruwa na uku gindinta ya fara zaizayewa.

Alhaji ya yi sallama da ni da safe. "Malam, ruwanka yana cin katangata. In ta rufta kan ragunan mutane, me zan ce musu?"

"Alhaji, ruwan gidana yana da izinin gwamnati a rubuce. Gabas yake bi."

"To ka gaya masa, don da alama bai sani ba."

Daga nan ya wuce ofishin duba-gari.

Ranar Asabar ta tsaftar muhalli duba-garin ya zo, lokacin da kowa yake waje da tsintsiya. Ina ganinsa na gane shi: Isiyaku, tsohon ɗalibina, wanda na taɓa ba shi bakwai cikin ɗari. Yanzu ga kaki, ga gemu. Ya russuna ya gaishe ni, sannan ya rage murya.

"Malam, da mun ɗan shiga zaure."

"A nan aka tuhume ni, a nan za a wanke ni."

Na yi wa lungun darasin kogin Haɗejiya, na zana hanyarsa a ƙasa da tsinke. Na aika aka ɗauko ledar, na miƙa masa takardar ta saman kawunan mutane. "Karanta musu da ƙarfi."

Ya karanta sunana. Ya nuna hatimi. Na dubi Alhaji Sabo irin kallon da nake wa wanda bai yi aikin gida ba. Daga nan sai Isiyaku ya juya takardar.

Ashe akwai rubutu a baya, da koren biro. Ya karanta da Turanci, sannan, don kada wani ya yi asara, ya fassara: an amince da ginin bisa sharaɗin a mai da rariya yamma, ta zuba a kwatar titi, ruwan kowane gida alhakin mai gida ne har ya isa kwata.

Tsintsiyoyi suka tsaya.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Isiyaku. "Kai ka koya mana, kada a tashi daga jarrabawa sai an duba bayan takarda."

(Gaskiya ne. Har bulala na sha yi a kan haka.)

Alhaji Sabo ya gyara hularsa. "Ashe gwamnatin ma ba ta san Chadi ba."

Aka ba ni kwana uku in fasa rariya in kuma yaɓe gindin katangar Alhaji. Na yi, amma a rubuta cewa umarni na bi, ba hujja ba. Har yau ba wanda ya kawo mini littafin da ya ƙaryata ni. Ruwan da ya fita ta yamma ai zagaye kawai ya yi. Daga kwata zai nutse cikin yashi, ya juyo ta ƙarƙashin ƙasa, ya wuce ta ƙasan gidan Alhaji da nawa, ya kama hanyar gabas kamar yadda na faɗa. In ma dole sai na ce na koyi wani abu, to shi ne wannan: in tsohon ɗalibinka ya ce ku shiga zaure, ka shiga.

Tun ranar da aka fasa ramin yamma, ruwa bai sake taruwa a tsakar gidana ba.