Rasuwar Barkono, Jar Motar Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gareji mai cike da ƙaurin ƙonannen ƙarfe, iyalan Tela na bakin kwana suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da maƙwabtan da suka daɗe suna fatan zuwan wannan rana, rasuwar motarsu abar ƙaunarsu, ko dai a ce abar ƙaunar mutum ɗaya daga cikinsu, wadda kowa ya sani da suna Barkono. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan gadar sama, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san tana yi. Ta bar duniya tana da shekara goma sha huɗu, shida daga ciki a hannun Tela.

Ga wanda bai taɓa ganin marigayiyar ba, in har akwai shi, motar tsere ce, ja wur, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeruwa har cikinta na neman shafar ƙasa. Da durƙuso ake shigarta, da rarrafe ake fita, kuma haka Tela ya yi ta yi, dattijo mai shekara hamsin da shida da ciwon gwiwa, bai taɓa cewa wash a gaban mutane ba. Gidansa kuwa mutum bakwai ne. Ranar da ya kawo ta, maiɗakinsa ta fito, ta zagaya ta sau biyu, ta leƙa ciki, ta leƙa baya, sannan ta ce, "Baban yara, ina sauran motar?"

Kada wanda ya yi saurin yanke masa hukunci. Shekara talatin bawan Allah nan ya yi a gaban keken ɗinki, yana taka feda tun safe har yamma, kuma da bakinsa ya faɗa cewa da tafiya yake yi da ya zagaya duniya sau uku, amma ko taku ɗaya bai matsa daga bakin tagar shagonsa ba. Barkono ce feda ta farko da ya taka duniya ta motsa. In ya fita da ita doguwar hanyar bayan gari, allurar gudu ta fara hawa, sai ya buɗe baki ya kwarara ihu shi kaɗai, ya manta da gwiwa, ya manta da masu zuwa karɓar ɗinkin da bai ko yanka ba. Son da ya yi mata na gaskiya ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

Marigayiya ta yi rayuwa mai tsafta. Ba ta taɓa ɗaukar buhu ba. Ba ta taɓa kai yaro makaranta ba, ba ta taɓa kai mara lafiya asibiti ba, ba ta san hanyar kasuwa ba. Kujerar gefen direba har ta rasu ledarta na jikinta, don Tela ya ce zama na ɓata kujera. Mai ladabi ce ƙwarai: tudun rage gudu uku ne a layin, kuma babu wanda ta taɓa hayewa ba tare da ta sunkuya ta sumbace shi da cikinta ba, ƙiiiii, Tela na ciki yana runtse ido kamar a haƙorinsa ake yi. Mai sada zumunci ce kuma, domin kullum da sassafe sai ta gaida unguwa kaf. Gurrrm. Gurrm-gurrm. Faaaa! Jarirai su farka, karnuka su amsa, tsohon da gidansa ke kallon na Tela ya leƙo ta taga ya yi mata addu'ar da ba za a rubuta a nan ba.

Wajen sutura kuwa, ko 'ya'yan gidan ba su ga abin da ta gani ba. Tela ne fa. Ya ɗinka mata rigar ruwa, ya ɗinka mata rigar rana, ya yi wa sitiyari hannun riga, ya yi wa kan giya 'yar hula mai tuntu. Sannan, shekara biyu da suka wuce, ya yi aikin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa: mayafin karan-miski na gaban mota, inda agoguna da 'yan fitilu suke, don kada rana ta koɗar mata da fuska. Ya auna da tef, ya zana da alli, ya yanke ƙofa biyu zagayayyu, ɗaya ta allurar gudu, ɗaya ta allurar fetur, ya bi bakinsu da zaren zinariya. Sauran 'yan fitilun kuwa ya ce tarkace ne kawai, ya lulluɓe su ruf. Duk wanda ya gani sai ya yaba. Babu wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashi.

Ciwon ajali ya fara ne da ɗan tari. Ƙas-ƙas-ƙas, in ta tashi da safe. Tela ya ce murya ce ke nuna, haka manyan motoci suke. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Mamana, wadda ke aiki tare da shi a shago, ta tsaya wata safiya ta kasa kunne, ta ce, "Baba, wannan ƙarar fa irin ta keken da ya bushe ce." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Mamana, ke keke kika sani. Wannan ba keke ba ce." So hana ganin laifi, ashe har ji yana hanawa.

Ranar Talatar nan, a tsakiyar gada, allura na kan hawa, marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwararam! Sai shiru, sai hayaƙi. Motocin da ta saba wucewa kamar suna tsaye suka yi ta wuce ta ɗaya bayan ɗaya, har da motar burodi, har da mai keke. A bayan janwe, motar jan matattun motoci, ta iso garejin Bakanike, Tela na zaune gefen direban janwen yana waiwaye.

Bakanike mutum ne mara gaggawa. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya duba, ya mayar, ya sake zarowa, ya miƙa wa Tela. A bushe take ƙayau.

"Maigida, fitila ba ta kama maka ba?"

"Wace fitila?"

Bakanike ya sunkuya cikin motar, ya kama gefen karan-miskin da yatsa biyu, ya ɗaga, ya murɗa makulli. Ga ta nan, 'yar jar fitila mai hoton butar mai, tana ci abinta. Ya ce wata da watanni ke nan baiwar Allah tana kiran a ba ta mai daga ƙarƙashin mayafi, har injin ya gaji ya buga. Sannan ya shafa zaren zinariyar, ya ce, "Amma fa aikin ya yi kyau. Wa ya ɗinka maka?" Tela ya nemi tsohuwar taya ya zauna.

Hanya uku Bakanike ya shimfiɗa masa. Ta farko, a sa mata injin tsohuwar motar kaya da ke ajiye a bayan gareji: za ta tashi, za ta yi tafiya, sai dai da muryar motar burodi. Tela ya ce gara ta mutu da mutuncinta. Ta biyu, a yi odar injinta na asali daga waje. Kuɗin, Bakanike bai iya faɗa da baki ba, da yatsa ya rubuta a ƙurar bonet, ya bari Tela ya gani, ya yi maza ya goge. Ta uku, a sallama ta ga mai sayar da kayan mota, wanda babu wanda ya kira shi amma ga shi tsaye a bakin gareji, yana yi wa fitilunta kallon mahauci.

Abu ɗaya ne tak a gidan Tela da zai iya sayen wannan inji: babban keken surfanin da ke shago. Shi ke ciyar da gidan. A kansa Mamana ta shekara huɗu tana aiki, har ta kai masu kawo ɗinki sun fara shigowa suna gaida Tela da girmamawa, sannan su tambaya ko 'yar tana nan. Ko dai Barkono ta tashi keken ya tafi, ko keken ya zauna Barkono ta tafi.

Kwana tara ana abu ɗaya. Masu ba da shawara suka yi ta sintiri, don shawara ba a sayenta. Ƙanin matar Tela ya ce a sayar da motar, dama shi tun farko ya faɗa, kuma ya maimaita cewa ya faɗa har sau biyar. Abokan zamansa na shagon aski, waɗanda babu wanda bai ɗauki hoto jingine da ita ba, suka ce a gyara, namiji ba ya ja da baya, amma ko mutum ɗaya bai taɓa aljihunsa ba. Maiɗakinsa ba ta yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ta yi, "Kekenka ne, motarka ce. Bakunan dai bakwai ne." Tela ya ji, ya kuma gane, amma duk sanda ya rufe ido sai ya ji gurrrm a ƙirjinsa, ya ga kansa ya koma bakin taga har ƙarshen rayuwa. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. A rana ta tara ya aika a kira dillali ya zo ya ɗauki keken.

Da safe dillali ya zo da motar ɗaukar kaya da igiya. Mamana ta riga kowa zuwa shago, kuma ta san abin da ya kawo shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta ce a ba ta minti biyar. Ta buɗe murfin keken, ta share burbushin zare da ɗan buroshi, ta ɗauko 'yar gorar mai, ta shiga bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, ɗigo a nan, ɗigo a can, tana juya ƙafar keken da hannu don man ya ratsa, kamar yadda take yi kowace safiya.

Dillali ya duba agogo, ya ce, "'Yan mata, ki bar wahalar da kanki, ai tafiya zai yi."

Ta ce, "Shi ya sa. Babana ya koya min ba a barin ƙarfe da ƙishirwa, ko da na wani ne."

Ba da gatse ta faɗa ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Amma Tela ya ji maganar har tafin ƙafarsa, domin tasa ce. Shekara talatin yana faɗa wa duk wanda ya koyi ɗinki a hannunsa, ya sha korar mutum daga kan keke saboda ɗigon mai ɗaya. Ga shi yau shi ne ya kashe ƙarfe da ƙishirwa, ya lulluɓe shi da karan-miski alhali ƙarfen yana kuka, kuma yana shirin ƙwace na wadda ba ta taɓa fashin ba nata mai ba, ya biya diyyar laifinsa da shi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya miƙe da ƙyar, ya karɓi igiyar daga hannun dillali, ya naɗe ta da kyau, ya mayar masa.

"Ka yi haƙuri, na ɓata maka safiya. Keken ba nawa ba ne. Ga mai shi nan."

A wannan rana aka tabbatar da rasuwar Barkono.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Tela, wanda har yanzu in ya ji ƙarar wata mota a titi sai almakashi ya tsaya a hannunsa. Ta bar maiɗakinsa, wadda ta ɗauki rashin da irin haƙurin da ya ba kowa mamaki, har ta riga ta auna garejin gida ta ce zai yi kyau da shanya. Ta bar 'ya'ya biyar, waɗanda ba su san cikinta ba sai ta gilashi. Ta bar riguna tara, da hula ɗaya, da makulli biyu, da tudun rage gudu uku masu ɗauke da jan fentinta. Tsohon nan mai leƙowa ta taga ya aiko da ta'aziyya, ya ce tun ranar Talatar barcinsa har yawa yake yi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin Bakanike, inda mai sayar da kayan mota zai raba ta ga mabuƙata. Fitilu da ƙofofi da tayoyi duk sun samu masu so. Za a tafi da ita lulluɓe da mayafin karan-miskin, bisa wasiyyar wanda ya ɗinka, wanda ya ce kada ya ƙara ganinsa. Ana roƙon masu halarta kada wanda ya zo da galan ɗin baƙin mai a matsayin gudummawa. Ƙanin matar Tela ya riga ya kawo ɗaya, kuma an gane abin da yake nufi.

Abu biyu kawai iyalan suka riƙe, kujerun nan biyu, kuma kafinta ya riga ya ɗora su a kan katako a shago, inda za a ci gaba da karɓar gaisuwa daga safe zuwa yamma. Kujerar direba tana gaban keken surfani, Mamana ce a kai. Ta gefen kuwa, maiɗakin Tela ta yage ledar da hannunta, ta zauna sau ɗaya ta ce ashe ma da daɗi, sannan ta bar wa mijinta. A nan za ku same shi, a bakin taga, yana miƙa wa 'yarsa zare. In ta taka feda keken ya ɗauki gudu, kuka ji wani ɗan gurrrm na fita ƙasa-ƙasa daga maƙogwaron dattijon, don Allah ku yi kamar ba ku ji ba. Ku gaida shi, sannan ku ba mai tuƙin aikinku.