Ranar da Nis Sa Aka Kafa Mini Ƙaho a Kumatu

Har yau ban yarda ilimina ne yag gaza ba. Kwana ukku ina kallon bidiyo a waya, yadda likitocin waje ke ɗinke kumatu ta ciki, in mutum ya yi murmushi wurin ya lotsa. Nan take nig gane asirin: jan nama ne kawai. To mi ya fi ƙaho jan nama?

Duk don Hassi ne, yarinyar da nike nema a Gummi. Ta taɓa cewa namiji mai lotsawar kumatu na burge ta, ga shi ran Juma'a zan je gaida Innarta.

Ran Laraba nis samu wani tsohon wanzami a Nasarawa Burkullu.

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nike ƙaho, ban taɓa kafa shi ga fuska ba."

"Baba, wannan ilimin zamani ne. Ba tsaga, kai dai zuƙa."

Yak kafa mini ƙaho ga kumatu duka biyu, yaz zuƙa. Sai da yac cire sannan nit tuna ƙaho waje yake ja, ba ciki ba. Kumatuna sunka taso awa ƙosai biyu.

Hakanan nit tafi Gummi, da sabuwar shaddata. Inna tad dube ni tac ce, "Sannu ɗan nan, hangum ne? Hassi, kore yara, ana ɗauka."

Hassi tana bayan ƙyaure, dariya har da shaƙewa. Yanzu in na kira ta, gaisuwarta guda ce: "Likita, ya masu jiki?"

Ku fa, wane aikin gyaran fuska kunka taɓa yi wa kanku?