Ragon Kwamfuta

Ni da na koyar da Turanci har na yi ritaya, ban taɓa zaton kalma mai harafi uku za ta kayar da ni ba.

Jikana Nazifi yana harhaɗa kwamfutar wasanni a Gusau da kayan hannu masu araha. Ya kira ni ya ce, "Alhaji, ram kaɗai ya rage mini. A taimaka da mai ƙarfi."

Ban nemi ƙarin bayani ba, domin ram a Turancin da aka koya mana rago ne. Na ɗauka walimar kammala aiki yake shiryawa, har na yaba da tarbiyyarsa. Ranar kasuwar Tsafe na zaɓo ƙosasshe, na duba haƙoransa, na kai masa da kaina.

Nazifi ya dubi ragon, ya dube ni, sai ya zube ƙasa yana dariya. "Tsoho, ta wace kafa zan soka shi?" Ashe ram ɗin nasa wani ɗan falle ne na cikin kwamfuta da bai kai tsawon cokali ba.

Kwamfutar ba ta tashi a watan ba, ni kuwa na koma gida da ragona. Har yau, da zarar ragon ya yi kuka, matata Hajiya takan leƙo ta ce, "Malam, kwamfutarka tana neman dusa."