Ranar da Na Yi Yaji Irin na Rumawa

Jama'a, jiya na sauko daga kan dutse da ƙaya a ƙafa da goro a aljihu, kuma ban cancanci jaje ba.

Ni dai ban yi boko ba, da yaƙi da jahilci na koyi baƙi. Wani malamin elementare a Kurfi ya ba ni labarin Rumawan da, na can ƙetaren teku. Wai da manyansu suka matsa wa talakawa, sai talakawan suka fice daga gari, suka hau tudu suka zauna. Ba mai noma, ba mai yaƙi. Dole manya suka bi su da lallashi, har aka naɗa musu wakilan da in suka ce "mun hana", magana ta mutu.

To, rijiyar unguwarmu a Dutsin-Ma ta rufta tun bara. Masu Manyan Riguna, Allah Ya ƙara musu tumbi, sun yi alkawarin ta siminti kafin zaɓe. Har yau alkawarin muke sha.

Na tara maƙwabta na ce gobe mu hau dutse. Kowa ya ce madalla. Sodangi mahauci har da bugun ƙirji: "Malam, in ka ga ban zo ba, na mutu."

Yana nan da ransa. Daga sama na hango shi yana fiɗa.

Ni kaɗai na hau, ko buta ban ɗauka ba, don a zatona kafin hantsi za a zo biko. Gari kuwa ya ci gaba da harkarsa, kamar ma ya fi sakewa.

Bayan azahar, maƙoshi ya bushe, sai ga yaron wani Mai Babbar Riga yana hawowa da haki. Na gyara rawani, na ɗaure fuska.

Ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, maigida ya ji ka shiga halwa. Ga goro, a sa shi a addu'a ya zarce."

Na buɗe baki in ce "na hana", idona ya faɗa kan gorar ruwan da ke rataye a kafaɗarsa.

"Miƙo nan tukuna," na ce.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na shanye, na ɗaga hannu, na yi addu'a mai tsawo.

Saboda haka in mutumin ya sake ci, kada ku zargi akwati. Ku zo gidana, amma ku taho da ruwanku.