Ranar Da Na Shafa Wa Daɓen Ɗaki Man Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da matata Hauwa ta dawo daga wankan jego ba, ko da kuwa na so in manta, danginta ba za su bari ba.

Haihuwarmu ta fari ce, don haka gidan iyayenta ta tafi a Rimin Gado, ni kuma na zauna a ƙauyenmu kusa da Dawakin Tofa, inda nake koyarwa a firamare. Simintin ɗakinta duk ya farfashe, ga sanyi in damina ta yi nisa. Na ce a raina, 'yata ba za ta koyi rarrafe a kan wannan ba. Na ɗauko kafinta daga birni ya shimfiɗa laminet, wato irin fallayen katakon nan masu sheƙi da ake jerawa a ƙasa. Ban gaya wa Hauwa ba. So nake ta shigo ta gani da idonta.

Da zai tafi ya tsaya yana yi mini bayanin yadda ake kula da shi. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina "na gane, na gane" (ban ji ko kalma ɗaya ba, fuskar Hauwa kawai nake hangowa).

Ana gobe za su dawo na naɗe ƙafar wando. Yadda na ga Innata tana wanke siminti haka na yi. Na sheƙa ruwa bokiti guda, na barbaɗa garin sabulu, na bi da tsintsiyar kwakwa ina gurzawa har da waƙa. Na ƙara ruwa na ɗauraye, na ja ƙofa.

Da safe na buɗe ƙofa na leƙa. Sheƙin nan ya tafi, farin sabulu ya bushe a kai, bakin fallayen ya kumbura kamar gurasar da ta sha ruwa. A nan mai hankali zai kira kafinta. Ni sai na tuna yadda man gyaɗa ke sa ƙotar fartanya ƙyalli. Na shiga madafi na ɗauko kwalba, na samu tsumma, na bi ɗakin lungu-lungu. Wallahi ya yi kyau. Har fuskata nake gani.

Bayan azahar mota ta tsaya, mata suka firfito da guɗa. A gaba akwai Gwaggo Asabe, yayar mahaifin Hauwa, wadda ban taɓa iya haɗa ido da ita ba. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Gwaggo, bismillah, ku shiga ku gani."

Ta cire takalmi ta sa ƙafar dama da bismillah. Ƙafar ba ta jira ta ba. Suuu, sai ga Gwaggo ta tafi a zaune har gindin gado, ƙwaryar fura a hannunta ko ɗigo bai zuba ba. Hauwa da ke bayanta ta ƙanƙame jaririya ta ja da baya, ni kuma na ce a raina, da ita ce a gaba ban san me zan ce wa Allah ba.

Gwaggo ta ajiye ƙwarya, ta shafa ƙasa, ta shinshina tafinta.

"Malam," ta ce, "ƙuli-ƙuli kake soyawa a ɗakin 'yar tawa?"

Dariya ta ɓarke har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Na yi ta "Allah Ya ba ki haƙuri, Gwaggo," kaina a ƙasa, gumi yana bin bayana.

Da la'asar baƙi suka watse. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Hauwa tana zaune a kan tabarmar da aka shimfiɗa mata, tana shafa katakon da yatsa.

"Don ita ka yi?" ta tambaye ni, tana nuna jaririya da haɓa.

Na ce, "Don ku. Ga shi na lalata."

"Ba ka lalata ba, Malam. Ni ba a taɓa yi mini irin wannan ba." Idonta ya ciko, amma bakinta yana rawa da dariya. "Sai dai miyar gobe ba mai."

Ita ta sa na kira kafintan. Wannan karon na saurara. Ya canja fallayen da suka kumbura, ya ce abin nan ba ya son ruwa ya kwanta masa. Tsintsiya mai laushi, sai tsumman da aka matse sosai, in abu ya zube a goge nan take. Shi ke nan.

Yarinyar a kansa ta yi rarrafe, a kansa ta fara tafiya. Gwaggo kuwa har yau in ta zo sai ta riƙe ƙyaure ta gwada da babban yatsa tukuna. Ni dai na koyi abu ɗaya: duk ranar da na ji bakina yana cewa "na gane" da sauri, to in tsaya a sake mini bayani.