Rasuwar Baƙa a Bayan Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe a bandeji, Safiyyatu Rabe ta garin Karare, mai sana'ar gina shafukan intanet, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da waɗanda take yi wa aiki rasuwar kwamfutarta ta cinya, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bayan rumbun dawa, ba tare da jinya ba.

Marigayiyar ta shigo gidan nan 'yar gwanjo, haruffa uku sun goge a jikinta, amma ba ta taɓa kawo wannan uzuri ba. Ita ta gina shafin masu irin gyaɗa na Batsari. Ita ta jure mai aikin da ya sa aka canza kalar jadawali sau tara, wai koren bai kai kore ba. In zafi ya tsananta, iyakarta fankarta ta yi fuuu, ta ci gaba. In caji ya kusa ƙarewa, sai ta ce ɗit-ɗit, a hankali, kamar mai jin kunyar roƙo.

Duk gidan, wuri ɗaya sabis yake tsayawa: bayan rumbu, dab da danga, inda ciyawar damina ta kai gwiwa. Can Safiyyatu take shimfiɗa tabarma ta yi aiki, ta kwantar da 'yarta Khaula mai wata takwas a gefenta, don ba ta yarda ta bar ta inda idonta ba ya kai.

Ranar da abin ya faru, tana daidaita jadawalin darussa na wata Islamiyya a Safana, don ya zauna daidai a fuskar waya. Sai ta ji ƙas-ƙas-ƙas. Ta ɗauka fanka ce, har ta kara kunne a jikin Baƙa. Ashe kububuwa ce ta naɗe a bakin tabarma tana goga jikinta, tsakaninta da ƙafar Khaula bai kai kamu ɗaya ba, yarinyar kuwa tana ta wutsil-wutsil da ƙafafu tana dariya.

Safiyyatu ba ta yi ihu ba. Ta rufe Baƙa, ta kama ta da hannu biyu, ta sauke gefenta da duk ƙarfinta. Dukan farko ya karya bayan macijiyar. Kububuwar ta juyo ta kai sara, haƙoranta suka sauka a murfin marigayiyar, dafin ya gangara a kai. A na biyu wuyan Baƙa ya ɓalle. A na uku gilashinta ya ce ƙaras, wanda shi ne furucinta na ƙarshe. Safiyyatu ba ta tsaya ba. Ta yi ta kirɓa har kan macijiyar ya dagargaje ya haɗe da ƙasa, madannai suka watse kamar tsabar masara, gilashi ya tsaga mata tafi, jini yana bin tsintsiyar hannunta ba ta sani ba. Sai da surukarta Inna Larai ta riƙe ta ta baya.

"Ke 'yar nan, saki haka. Ta mutu. Su duka biyun sun mutu."

Khaula ko ƙwarzane babu. Alhamdulillahi.

Maigidan, Yazid, ya garzaya da marigayiyar wurin Tayyib mai gyara a Batsari. Ya juya ta, ya girgiza ta, ya ji tana ƙarar gwangwani. Ya ce, "Malam Yazid, faɗa mini gaskiya, tirela ce ta bi ta kanta?"

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da maus wanda tun ranar ba ya motsi, da filas da aka daɗe ana cewa gobe za a kwafe aiki a cikinsa. Marayan shafi na Islamiyya kuwa ya bi ta, don ba a kwafe shi ba. Ana roƙon shugaban makarantar, Malam Abdulmumini, ya ƙara haƙurin sati biyu. Za a sake gini daga tushe.

Ba za a yi mata wanka ba, don ruwa bai taɓa karɓarta ba. Ba kuma za a binne ta ba, saboda batir da awaki masu tono. An sa ta a jakarta, za a miƙa ta ga Tayyib ranar Juma'a, ya cire abin da zai amfani 'yan uwanta masu rai.

Zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar ne da safe, a bayan rumbu. Maza su zo da fartanya da lauje, don ba mai tashi sai ciyawar nan ta kwanta har bakin danga. Mata su riƙe 'ya'yansu a baya, kada a sauke kowa a ƙasa. Akwai kunu.

Wanda kuma ya shirya tambayar me ya sa Safiyyatu ba ta tashi ta nemo sanda ba, ya yi zamansa a gida. An karɓi gaisuwarsa daga can.