Kilishin Kakan Mushe O'Kelly

Ranar da Mushe (wato Malam) O'Kelly, Baturen Irland, zai karɓi ɗinkinsa a shagon Baba a Zongo, na ƙudura in nuna wa Baba cewa karatuna na lise, wato sakandare, bai tashi banza ba. Na duba wayar salula: a tsohon harshensu, O'Kelly na nufin jikan Kelly. Tunda mu sunan iyaye muke ɗauka, na zaci kakansa ne da ke raye, na sayo kilishi, na miƙa masa gaban kowa.

"A kai wa kakanka Kelly, a gaishe shi."

"Ya rasu," in ji shi. "Ya kai shekara dubu."

Na rusuna da ladabi, na ce, "Ya haƙuri?"

Baba ya yi dariya har ya soki yatsarsa. Har yau teloli na tambayata yaushe za a yi sadakar arba'in.